Farautar naman kaza a duwatsun Yunnan

Muna idar da sallar asuba, wajen ƙarfe biyar da kwata, muka fita daga ƙauyen. Hazo ya lulluɓe dutsen, tocilan ɗin da muka ɗaura a goshi ba ta haska gaba fiye da taku goma. Watan Yuli ne, tsakiyar damina a lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, amma sanyin da ake yi a tsayin mita dubu biyu da ɗoriya sai da rigar sanyi. Ƙauyen yana cikin gundumar Nanhua, a yankin Chuxiong na ƙabilar Yi, yamma da Kunming babban birnin lardin. Jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum garin Nanhua, daga nan sai mota a kan hanya mai kwana-kwana.

Matar da ta yarda mu bi ta dattijuwa ce 'yar Yi. Tafintana yana ce mata "Ayi", wato inna, ni ma haka na kira ta. Kayan aikinta ba su da yawa: kwandon gora da take goyawa, wanda ta shimfiɗa wa ɗanyen ganye, sandar itace mai tsini, ƙaramar wuƙa, takalmin roba mai tsawo saboda matsattsaku da macizai. Ba ta ɗaukar leda. Naman kaza yana gumi a cikin leda, kafin azahar ya yi laushi ya fara ruɓa, kuma idan guda mai dafi ya farfashe a ciki, ɓurɓushinsa ya shiga sauran.

Mutanen Yunnan ba sa haɗa na daji da na gona a suna ɗaya. Na daji shi ne "junzi", kuma ana lissafa iri kusan 900 da ake ci a lardin. Ayi ba ta ɗibar ko ashirin daga ciki. Duk abin da ba ya cikin waɗannan, ko da ta ga ana sayar da shi a kasuwar wata gunduma, wuce shi take yi.

Abin da na fara lura da shi shi ne ba ƙasa take fara kallo ba, bishiya take kallo. Yawancin naman kaza masu tsada a nan ba a iya noma su, domin abin da muke tsinka 'ya'ya ne kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, wata saƙa ce ta fararen zaruruwa da ke naɗe da saiwar bishiya, tana ba bishiyar ruwa da gishirin ƙasa, bishiyar tana ba ta sukari. Kowane iri da bishiyarsa. Dajin Nanhua gauraye ne: bishiyar fayin ta Yunnan mai dogayen ganye kamar allura, da bishiyoyi masu faɗin ganye dangin wadda Turawa ke kira "oak" waɗanda ba sa kaɗe ganye da rani. Inda suka cakuɗu, rana tana ɗan ratsawa, busasshen ganyen da ke ƙasa bai wuce kaurin yatsa biyu ko uku ba, nan ne wurin nema. Inda ganyen ya yi tuli ko ciyawa ta rufe, da wuya a samu. Lokaci ma yana da nasa: ruwa mai jiƙa ƙasa, sai rana ta biyo baya, kwana biyu zuwa uku sai su fito. Idan aka kwana huɗu ana tafka ruwa ba rana, waɗanda suka fito sukan sha ruwa su cika da tsutsa.

Dajin kuma ba na kowa da kowa ba ne. A Nanhua ana ba iyalai hayar sashen dutse na wasu shekaru, su kula da shi, su kaɗai su ɗiba. Za ka ga igiya ko waya a kewaye, wani wurin har da bukkar da mai shi ke kwana a ciki lokacin kaka. Baƙo ba ya shiga sai da izini.

Na farko da muka samu shi ne "qingtou", mai koriyar hula wadda fatarta ta tsattsage kamar busasshen taɓo. Launinsa kaɗai zai sa Bahaushe ya ja da baya, alhali yana cikin waɗanda aka fi amincewa da su. Ayi ta karya karansa a gabana, ya karye ƙas kamar alli, ba zare, ba zobe a kara, ba jaka a gindi. Wannan karyewar alama ce ta danginsa gaba ɗaya, wanda masana ke kira Russula. Amma a cikin dangin nan akwai mai kisa. Akwai wasu masu hula ruwan toka zuwa baƙi da mutanen wurin ke kira "na gawayi". Irin da ake ci, idan an yanka shi namansa yakan yi ja, bayan ɗan lokaci ya koma baƙi ƙirin. Mai dafin, Russula subnigricans, yakan yi ja ya tsaya a nan, ba ya baƙi. Dafinsa narkar da tsokar jiki yake yi: ciwon jiki, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ƙoda ta tsaya, zuciya ta rikice. Bambancin ya yi ƙanƙanta, shi ya sa hukumomin lafiya na lardin ke cewa a bar "na gawayi" duka. Ayi ma ba ta taɓa su.

Da gari ya waye sosai muka sauka wani gangare mai jar ƙasa a bakin wata tsohuwar gonar masara, ta nuna mini "jizong". A nan na ji kamar ina gida. Wannan shi ne dangin wanda ke fita a kan suri da jiɓa a ƙasar Hausa da damina, gara ce ke noma shi a cikin gidanta ta ci. Sunansa na Sinanci ma da kalmar kaza ya fara, kamar yadda mu ma muka ce naman kaza. Bambancin shi ne garar wannan dutse ba ta gina suri mai tsayi, gidanta yana binne, sai wanda ya san wurin tun bara zai dawo masa, domin a wuri ɗaya yake fita duk shekara muddin garar tana raye. Alamominsa uku ne, kuma dole su haɗu. Hular tana da tsini mai tauri a tsakiya, da shi yake huda ƙasa. Karan yana yagewa tsaye zare-zare kamar tsokar ƙirjin kaza. Sannan gindin ba ya ƙarewa a fuskar ƙasa, yana sirancewa ya zama doguwar saiwa da ta gangara har gidan gara, wani lokaci tsawon kamu ɗaya. Ayi ta soka sanda a gefe, ta sassauta ƙasar, ta jawo a hankali har saiwar ta tsinke da kanta, sannan ta mayar da ƙasa ta danna da tafin hannu. Idan aka haƙa da fartanya aka fasa gidan, ruwa ya shiga, garar ta mutu ko ta ƙaura, wurin ya mutu ke nan. Jizong yana yawaita a daidai lokacin bikin wuta na Yi, wanda ake yi ranar 24 ga wata na shida a kalandar gargajiyar Sin, har akwai wani ƙaramin iri da aka sa wa sunan bikin.

Dalilin da ya sa ake tono kowane naman kaza da gindinsa, ba a yanke shi a sama, na gan shi bayan awa ɗaya. A ƙarƙashin wata bishiya mai faɗin ganye akwai wasu farare guda uku, tas da su, ba tabo ba wari. Ayi ta tono ɗaya da sanda, ba ta sa a kwando ba, ta ajiye shi a kan dutse ta nuna sassa uku. Mutanen Yunnan suna da wata magana a kan wannan: "Hula a kai, siket a ƙugu, takalmi a ƙafa, kada ka ci." Siket ɗin wani siririn zobe ne mai lilo a saman kara. Takalmin kuwa jaka ce kamar kwasfar ƙwai da gindin ke zaune a ciki, kuma sau da yawa tana binne cikin ƙasa. Wanda ya yanke kara da wuƙa ya bar babbar shaidar a ƙasa, sai ya tafi gida da abin da ya yi kama da farin jizong. Wannan dangin Amanita ne, shi ke da mafi yawan mace-mace. Ƙwaya ɗaya babba ta isa ta kashe magidanci, kuma dafinsa ba ya mutuwa da tafasa, ko suya, ko shanya.

Yadda yake kisa shi ne abin da ya kamata kowa ya haddace. Bayan an ci, awa shida zuwa ashirin da huɗu ba a jin komai. Sai amai da gudawa mai tsanani su zo, kwana ɗaya. Daga nan mutum ya ji sauƙi, ya tashi ya ci abinci, iyali su ce an tsallake. A daidai wannan lokacin hanta ke mutuwa. Kwana na uku zuwa na biyar ido ya yi rawaya, jini ya daina daskarewa, hankali ya gushe. Saboda haka ciwon cikin da ya makara ya fi wanda ya zo da wuri haɗari, kuma ranar da aka ji sauƙi ba ranar komawa gida ba ce. Duk wanda ya ci daga tukunyar, ko bai ji komai ba, asibiti zai tafi, a tafi da ragowar abincin da ɗanyen da ya rage ko hotonsa. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou su sani cewa wani fari daga wannan dangi, Amanita exitialis, a can aka fara bayyana shi ga kimiyya a 2001, kuma yana fita a dazuzzukan gefen birnin tun watan Maris.

Maganar hula da siket da takalmi ma ba ta gama komai ba. Akwai Amanita mai hula ruwan lemo da ake ci, yana da ukun duka. Akwai kuma masu kisa da ba su da ko ɗaya. Misali mafi ciwo shi ne wani ɗan ƙaramin fari da ke fita a kan ruɓaɓɓen itace, wanda ba shi da daraja a kasuwa, shi ya sa masu ɗiba kan ci shi a gida su sayar da masu tsada. Tun ƙarshen shekarun 1970 ana samun mutane a ƙauyukan duwatsun Yunnan suna faɗuwa matattu da damina, wani lokaci mutum biyu ko uku a gida ɗaya, har adadin ya kai kimanin 400 cikin shekara talatin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Sin ta shafe shekaru biyar tana bincike kafin ta nuna yatsa ga wannan ɗan fari a 2010, aka raɗa masa suna Trogia venenata a 2012. Da aka bi ƙauyuka da hotonsa ana gargaɗi, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Camfe-camfen da ake yi a can su ne dai irin namu. Wai idan tsutsa ko dodon koɗi ya ci, mutum ma zai iya ci. Wai mai dafi yana baƙanta tafarnuwa ko azurfa a tukunya. Wai mai launi shi ne mugu, fari kuwa lafiya. Babu ɗaya da ke da tushe. Ƙwari suna cin Amanita su rayu, tafarnuwa ba ta canza launi da dafinsa, kuma mafi muni a dajin nan fari ne sol.

Can sama, inda fayin ya fi yawa, muka je wa "songrong", wanda Japanawa ke kira matsutake suke kuma saye da tsada. Ba a ganinsa, sai dai a ga ganyen allura ya ɗan yi tudu ya tsage. Ayi ta yaye ganyen da yatsa, ta soka sandar itace nesa da gindin kamar yatsa uku, ta banƙare shi daga ƙasa ya fito ɗungurungum. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa fara ce kamar an barbaɗa toka, ita ce uwar, nan take ta rufe ta da ƙasa da ganye don kada rana ta busar da ita. Ƙanshinsa ba ya ɓoyuwa, kamar kirfa da ƙaron fayin, kuma karan yana da tauri, ba ya matsuwa a hannu. Wanda hularsa ba ta buɗe ba shi ne mai daraja ta ɗaya. Ƙanana kuwa doka ta hana ɗiba, kuma masu hankali kan bar 'yan tsofaffi da suka buɗe su zubar da iri. Rake ƙasa da manjagara ta ƙarfe shi ne ya kashe wurare da dama a shekarun da farashi ya hau.

"Ganba" kuma dabam yake da kowa. Ba hula ba kara, wani dunƙule ne ruwan toka mai rassa-rassa kamar busasshen kabeji, a gindin fayin. An sa masa sunan busasshen naman shanu da Musulmin Hui na Yunnan suka shahara da shi, ɗan'uwan kilishinmu, saboda ƙanshi da taunarsa. Shi kaɗai ne na ga ana yankewa da wuƙa, a bar gindin kamar kaurin yatsa, domin yana sake tohowa a damina ɗaya. Ayi ta kafa wa wasu ƙanana 'yan rumfunan ganye, ta ce sai bayan mako za su isa yanka. Wahalarsa a gida take: yana girma ne yana haɗiye ganyen allura da yashi, sai an zauna an yayyaga shi siri-siri ana tsince datti, rabin kilo kan ci awa biyu. Ana murza shi da garin alkama a ɗauraye, a soya da koren barkono.

Wanda ya fi kowa suna a yanzu shi ne "jianshouqing", ma'anarsa "ya ga hannu ya yi shuɗi". Ƙarƙashin hularsa ba siraran shafukan da aka saba gani a naman kaza ba ne, soso ne mai ƙananan ramuka ruwan ɗorawa. Na danna shi da babban yatsa, kafin in ɗaga hannu wurin ya zama shuɗi kamar an taɓa ruwan baba a marina. Irin da aka fi so mai jar hula ne, masana a cibiyar nazarin tsirrai ta Kunming suka sa wa danginsa suna Lanmaoa a 2015, don tunawa da Lan Mao, wani masanin magunguna ɗan Yunnan na ƙarni na 15. Shi ne sakatariyar baitulmalin Amurka ta wancan lokaci, Janet Yellen, ta ci a Beijing a watan Yulin 2023, duniya ta ɗauka. Idan bai dahu ba yana sa amai, sannan mutum ya riƙa ganin 'yan mitsi-mitsin mutane suna yawo a bango da tufafi, abin da kan ɗauki kwanaki, wasu har sai an kwantar da su.

Na tsaya a kan Ayi tana dafa shi, don a nan ake kuskure. Ta yanka shi siri-siri, kauri ɗaya, kamar milimita biyu, domin yanka mai kauri ɗaya tak ya isa ya ɓata tukunya. Mai ta zuba da yawa, har ya kusa rufe shi, da tafarnuwa cikin tafin hannu da busasshen barkono. Ta soya a wuta matsakaiciya kusan minti ashirin tana juyawa ba tsayawa, har ruwan ya ƙone gefen ya fara naɗewa. Lokaci-lokaci tana kankare abin da ya manne a ludayi da bakin kasko ta tura cikin mai, saboda wannan ɗan yankin da ya maƙale a sama bai ga wuta ba, shi ne ke kai mutane asibiti. Wuƙa da katakon yanka ta wanke kafin su taɓa wani abu. Wanda ya kwana ba a cinsa da sanyi ko a ɗan ɗumama, sai an sake soya shi sosai. Ba ta haɗa iri biyu a kasko ɗaya, ba ta ba ƙananan yara, kuma ta ware ɗanye guda ta ajiye a kan taga har washegari, ko da za a buƙaci nuna wa likita. A gidajen cin abinci na Kunming da ake dafa romon naman kaza a kan tebur, sukan ajiye agogo su hana tsinken cin abinci sai ya buga. Mutanen lardin suna cewa abu uku ake so: ka san irin, ka dafa ya dahu, ka san hanyar asibiti. Ba banza suke faɗa ba, Yunnan ce kan gaba a duk ƙasar Sin wajen yawan waɗanda guba ta naman kaza ke kamawa.

Musulmi ya lura da abu ɗaya: masu girki da yawa a nan da kitsen alade ko busasshiyar cinyarsa suke soya junzi. A nemi gidan abincin Hui mai alamar "qingzhen", wato halal, suna da yawa a Kunming, musamman kewayen masallacin Shuncheng. A gidan Ayi mun roƙa tun farko aka yi mana da man ganye a wankakken kasko.

A hanyar komawa na shiga kasuwar Mushuihua ta Kunming, inda kayan lardin duka ke haɗuwa tun kafin gari ya waye. Mai saye yana matsa kara: idan ya lotsa, tsutsa ta cinye cikinsa. Yana duba gindin jizong, don wasu kan liƙa masa laka ya ƙara nauyi. Yana shinshina songrong, don akwai wani mai kama da shi da ake cusawa, wanda ba shi da ƙanshin. Abin da bai sayu ba a yini ake yankawa kaurin rabin santimita a busar a zafi mara yawa, kilo goma na ɗanye ya koma kusan kilo ɗaya. Jizong kuwa yayyaga shi ake yi a soya a hankali cikin mai da barkono har ruwansa ya fita duka, a zuba a kwalba mai ya rufe shi, ya yi watanni.

Gwaji ɗaya na ga ya dace da mu kai tsaye. A filin ciyawa kusa da masaukina na tsinci wata babbar laimar kwaɗi fara mai ɓawo-ɓawo a hula da zobe a kara, irin wadda ke fita a filayen makaranta da bakin bola a garuruwanmu bayan ruwan Agusta, wadda wasu ke ɗauka ta suri ce. Ba ta da tsini mai tauri, ba ta da doguwar saiwa, gindinta dunƙule ne. Na cire hular na kife ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, na rufe da kofi, haka na yi wa hular jizong a gefe. Ana barin su awa shida ko a kwana, ƙurar irin ta zubo ta zana shafukan a kan takarda. Da safe na ɗaga kofunan. Zanen jizong ya fito fari mai ɗan ja-ja. Na ɗayar kore ne mai duhu-duhu kamar garin kuka, alamar Chlorophyllum molybdites ke nan, mai sa amai da gudawa har da jini cikin awa uku da ci.